Tekun da Ba Shi da Sarki

Mu da muke zaune a Zangon Nima da Ashaiman ba masunta ba ne, amma mun san teku ta hanyar tukunyar miya. Idan kwale-kwalen masuntan Tema da Elmina suka dawo ba kifi, a kasuwa ake fara jin labari, daga bakin iyayenmu mata masu sayen busasshen kifi, sannan fatake masu kai shi Kumasi da Tamale su ji a aljihunsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wata doka da aka ƙulla a Niyok, wadda ta shafi ruwan da yawancinmu ba za mu taɓa gani ba.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta bai wa kowace ƙasa mai gaɓa ikon cin moriyar ruwa har tsawon mil 200 na teku, wato kimanin kilomita 370. Abin da ya wuce nan ba na kowa ba ne, kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na tekunan duniya. Kimanin kashi 1 cikin 100 kaɗai na wannan faɗi ke da wata kariya. Kifi kuwa bai san iyaka ba. Kifin tuna da ake sauke wa a tashar Tema yana ratsa tekun Atlantika, kuma abin da manyan jirage suka kwashe a can tsakiya ba zai iso gaɓa ba.

A ranar 19 ga Yuni 2023 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar kare halittun wannan ruwa. Sai da ƙasashe 60 suka tabbatar da ita kafin ta zama doka. Palau ce ta fara, aka cika adadin a Satumba 2025 lokacin da Maroko da Saliyo suka shigo, ta kuma fara aiki a 17 ga Janairu 2026. A cikinta akwai batun raba amfanin magunguna da sauran abubuwan da ake samowa daga halittun ƙarƙashin ruwa, da wajabta binciken illa kafin a soma babban aiki a teku. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ikon keɓe wurare a tsakiyar teku a hana ɓarna a cikinsu.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin malamanmu sun karantar da mu babin hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin lura a wurinmu shi ne Umar bai tsaya ga shata iyaka ba. Ya naɗa mai gadi, wani bararren bawansa mai suna Hunayyu, ya umarce shi da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan. Hujjarsa ita ce attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gonaki da dabino, talaka kuwa sai ya zo da 'ya'yansa ƙofar shugaba yana kuka.

Da wannan ma'auni muke auna sabuwar yarjejeniyar, kuma nan ne zuciyarmu ba ta kwanta ba. Ba ta da jiragen sintiri nata. A tsakiyar teku, ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ce ke da alhakin hukunta shi, alhali kowa ya san ana yi wa jirage rajista a Panama ko Laberiya ba tare da masu su sun taɓa taka ƙasar ba. An kuma rubuta cewa ba za ta tauye ikon hukumomin da suka riga ta ba, irin masu kula da kamun tuna da hukumar ma'adinan ƙasan teku da ke Jamaika. Har ma ƙasar da ba ta gamsu da wani keɓaɓɓen wuri ba tana da ƙofar nuna ƙin yarda, bisa wasu sharuɗɗa. Amurka ta sa hannu, amma ko tsohuwar dokar 1982 ba ta tabbatar ba har yau.

Ba mu ce abin ba zai yiwu ba. A 2016 ƙasashe sun yarda suka keɓe fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi a tekun Ross, gefen Antatika, bayan shekaru ana ja-in-ja, da Rasha da Sin a ciki.

Tsoronmu ya samo asali ne daga abin da muka gani a gida. A gaɓar Gana masunta da dama ba sa fita ranar Talata tun kaka da kakanni, kuma sun sha haƙuri da rufe kamun kifi na wata guda da gwamnati ta riƙa sanyawa. Duk da haka an daɗe ana kuka da cinikin nan na saiko, inda manyan jirage ke kwashe ƙananan kifaye su sayar wa 'yan kwale-kwale a kan ruwa. Idan haka ta faru a inda ido ke iya hangowa daga tudu, yaya za a yi a nisan kwanaki?

Don haka muna roƙon wakilan ƙasashen yammacin Afirka da za su zauna a taron masu yarjejeniyar, kada su amince da shata wani wuri a taswira sai an faɗi wanda zai tsare shi da kuɗin da za a tsare shi da su. Su nemi a tilasta wa kowane babban jirgi barin na'urarsa mai nuna inda yake a kunne, a kuma ba ƙasashe irin namu bayanan tauraron ɗan'adam da horon da yarjejeniyar ta yi alkawari, domin jami'in da ke tashar Tema ya san daga ina kifin da ake saukewa a gabansa ya fito.