Katako Ma Yana Jin Hunturu

Yau dai ba siyasa za mu taɓa ba, maganar katako ce.

Mu da muke zaune a nan Kudu muna da wata ɗabi'a: in za a aurar da yarinya a gida, sai mutum ya ce shi daga Legas zai yi oda, a yi gado da kujeru da durowa, a loda a tirela a kai Kano ko Katsina. Wai nan ne gidan katako. To gaskiya ne nan ne gidansa, duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland a shekarun baya ya ga gungumen itace jere a kan ruwa ta wajen Oko Baba. Amma ni a ganina wannan ɗabi'a asarar kuɗi ce, kuma sai da na fara taɓa zarto da guduma ranakun Asabar don nishaɗi na gane dalili.

Katako ko an sare shi bai daina shan iska ba. In akwai raɓa ya tsotsa ya kumbura, in iska ta bushe ya saki ya tsuke. Kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. A Legas iska a jiƙe take kusan duk shekara, saboda haka katakon da kafinta ya rantse maka ya bushe, bushewar Legas ya yi. Ka kai shi Arewa, Disamba ta zo da hunturu, shi ke nan. Saman teburi ya tsage, ƙofar durowa ta karkace ta ƙi rufuwa, inda aka haɗa da gam ya buɗe baki. Amarya ba ta yi wata shida ba dangin miji sun fara tsegumi, a ce an yi mata kayan banza. Alhali wataƙila loko ne mai tsada, uban ya ci bashi kafin ya biya.

Ba ha'incin kafinta ba ne kullum. Sau da yawa gaggawarmu ce. Biki saura sati uku, a je kasuwar katako ta Mushin ko ta Bodija a Ibadan a ɗauko wanda jiya-jiya ya fito daga injin yanka, a fere, a goge da samfefa, a shafa banish ya yi ta ƙyalli. Banish kuwa ba ya hana katako motsi, jinkirta shi kawai yake yi.

Shawarata, in dai sai katakon Kudu kake so, sayi katakon zalla ka aika gida tun da wuri. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a bar shi ya sha hunturu ɗaya aƙalla. Sannan a ba kafintan can ya yi aikin. Kuma a ce masa kada ya danne saman teburi da ƙusa ta ko'ina, ya bar masa 'yar hanyar motsi. Masassaƙanmu na da da suke fafe turmi da akushi da gizago sun san wannan, ba sa sakin ɗanyen aiki a rana.

Wani zai ce to a sayi na garin katako da ake matsewa mana, shi ai ba ya tsagewa. Haka ne, shi ruwa ne ajalinsa. Rufi ya yi yoyo sau ɗaya da damina, ko yaro ya kifar da buta a gindin durowa, sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya gyaruwa. Loko ko maɗaci in ya tsage ana iya cike shi a goge, ya koma aiki.

Ni yanzu haka akwai fallen loko shida a bayan ɗakina, na benci ne, tun bara suke jira. Maƙwabcina Bayarabe kullum sai ya tambaye ni ko na fasa ne.