Rediyon jirgin ruwa: Amurka na karɓar kuɗin takarda, Birtaniya na karɓar kuɗin darasi

1/ Jama'a ku matso, yau ba siyasa ba ce. Maganar rediyon da ake sa wa ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa ce, irin oba-obar nan ta VHF. Amurka da Birtaniya kowacce da yadda take ba da lasisinsa, kuma ni dai a ganina Birtaniya ce ta gane abin da ya kamata a biya wa kuɗi. Ku biyo ni 🧵

2/ Na san wani zai ce ina ruwana da rediyo, ai ga waya. To a tsakiyar teku netwok ɗaukewa yake. Ko da akwai, waya mutum ɗaya take kira. Shi kuwa rediyo, in ka yi magana a tasha ta 16, duk jirgin da ke kusa da kai ya ji, masu gadin teku ma sun ji. Sau da yawa wanda zai fara iso ka wani mai kamun kifi ne da ba ka da lambarsa.

3/ Amurka tukuna. Tun 1996 doka ta ce mai jirgin shaƙatawa da ke yawo cikin ruwan ƙasar ba ya buƙatar lasisin VHF. Ka saya, ka ɗaura, ka kunna. Shi ke nan.

4/ Amma ranar da ka ce za ka leƙa Bahamas ko Kanada ko Meziko, sai hukumar FCC ta ce kawo takardu biyu. Lasisin jirgin kansa na shekara 10, wanda a farashin 2022 ya kama dala 185. Sai izinin mai riƙe da rediyon, dala 35, shi har ƙarshen rayuwa ne.

5/ Abin da ke ba ni mamaki, wannan izinin babu jarrabawa a cikinsa. Fom ne kawai da kuɗi. Wato za ka kashe dala 220, ka fito da takardu lafiya lau, alhali ba wanda ya taɓa tambayar ka ko ka san me za ka ce in ruwa ya fara shigo maka.

6/ Birtaniya ta juya abin. Lasisin na'urar daga hukumar Ofcom kyauta ne in ka nema ta intanet. Inda za ka ciro kuɗi shi ne shaidar iya aiki da rediyon, wadda suke kira SRC. Ƙungiyar RYA ke shirya ta: kwas na kamar yini guda, sannan jarrabawa a gaban mai gwaji, ka riƙe rediyon da hannunka ka yi kiran. Kuɗin jarrabawar kaɗai ya haura fam 60, na kwas daban.

7/ Me ake koya har yini guda? Wallahi abubuwa ne ƙanana masu kashe mutum. Misali, a tasha ta 16 mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Wanda ya ruɗe ya ƙanƙame maɓallin yana ihu ba zai ji amsar da ake ba shi ba, kuma ya toshe tashar ga na kusa da shi.

8/ Sannan kiran kansa yana da tsari. Mayday sau uku, sunan jirgi, inda kake, abin da ya same ka, mutum nawa ne a ciki. In matsalar ba ta kai ta rai ba, kamar inji ya mutu kana shawagi, Pan-Pan ake cewa. Mai ceto da ya san ku biyar ne ba zai tsamo huɗu ya juya gida ba.

9/ Ga kuma jan maɓallin nan da ke ƙarƙashin ɗan murfi. Ka danne shi na ɗan daƙiƙu, rediyon da kansa zai aika saƙon neman agaji ta tasha ta 70, tare da lambar jirginka mai lamba 9, wato MMSI, da daidai inda kake. Amma fa sai in ka shigar da lambar, kuma rediyon yana samun GPS. Masu gadin tekun Amurka sun sha kokawa cewa yawancin irin wannan saƙon da ke zuwa musu babu wuri a ciki, da yawa ma babu lambar da aka yi wa rajista. Na'urar na da komai, mai ita ne ba a koya masa ba.

10/ In za a yi adalci, hujjar Amurka ba ta banza ba ce. Ka tsaurara sharaɗi, wasu su ce a bar rediyon ma gaba ɗaya, su fita teku da waya kawai. Rediyo a hannun wanda bai ƙware ba ya fi babu, wannan na yarda. Kuma a ƙasashen biyu, in rai na cikin haɗari, kowa na iya ɗaukar rediyo ya nemi agaji, da takarda ko babu.

11/ Sai dai wannan hujjar kuɗi take suka, ba ta soki darasi ba. In tsada ce ke korar mutane, a rage kuɗin kwas, a bar jarrabawar. Dala 220 ɗin can da ke tafiya a kan fom, ko rabinta aka kashe a yini ɗaya na koyo, da an ga amfaninta ranar da ake buƙata.

12/ Ga masu zama can da ke da niyyar sayen jirgi, wani tarko: a Amurka ƙungiyoyi irin su BoatUS na ba da MMSI cikin sauƙi, amma ta cikin gida ce kawai, ba ta shiga kundin duniya. In za ka ƙetare iyaka, ta FCC kake buƙata. Kuma rediyo da yawa in ka shigar da lamba ba sa barin ka canza ta da kanka, sai ka mayar wa dila ko kamfanin ya goge. Don haka ka yanke shawarar inda za ka riƙa zuwa kafin ka danna lambar farko.