Mako Guda A Bayan Aji Ɗaya

Zuwa ga Edita. Ina roƙon masu karatu su yi mini haƙuri, yau zan bar zancen ofis da na saba, in kai su makaranta.

Dalili kuwa 'yata ce, Ladi. Shekararta shida, ta yi zango biyu a aji ɗaya, kullum in ta komo gida sai ta rera haruffan Turanci tun daga fari har ƙarshe, ba tuntuɓe, ni kuwa ina ta murna. Ran nan na rubuta "baba" a takarda na miƙa mata. Ta duba, ta juya takardar, ta ce ba a koya musu wannan ba. Abin ya tsaya mini a rai. Da na sami hutu sai na tafi wurin hedimasta, na roƙi izinin zama a bayan aji mako guda. Ya yarda, bisa sharaɗin in kama bakina.

Ran Litinin na ƙirga yara 74, malama ɗaya. Benci bai ishi rabinsu ba, sauran suna ƙasa. Aka shiga Turanci, malama ta faɗa, su amsa da ƙarfi, har aka fita tara. Muryoyi kam ba laifi, amma idon kowa ba ya kan allo.

Ran Talata aka yi lissafi, nan na fara ganin gwanintar matar nan. Ta sa kowa ya zo da karan dawa, aka kakkarya, aka ɗaure goma goma. Ta rubuta 23, ta ce a nuna mata. Sai ga ɗauri biyu da kara uku a gaban yara da yawa. Ni da na yi shekaru ina tara alkalumma a littafin ofis, ban taɓa ganin an bayyana gidan goma a fili haka ba.

Laraba ita ce ranar da ta sa na ɗauki alƙalami. Darasin Hausa ne, rabin sa'a kacal. Malama ta jera wasula biyar, ta kawo b, aka yi ba, be, bi, bo, bu. Ta kawo k, aka yi haka nan. Sa'an nan ta haɗa ba da ki, ta yi shiru. Can wani ɗan yaro a ƙasa ya taɓa leɓensa, ya ce, "Baki!" Aji ya ɗauka. Ta sa wa k ƙugiya, ta furta musu ita, ta ce to, yanzu fa? Suka yi ta gwadawa har wata ta nuna allo ta ce baƙi. Kafin a kaɗa ƙararrawa Ladi ta karanta "kaka" da kanta, ta waiwayo tana nemana da ido.

Malamai sun fi ni sanin sirrin. A rubutun Hausa c ɗaya ce, ta ci da ciki, amma a Turanci wani wuri ta zama k, wani wuri s. Yaron da bai san ma'anar kalma ba, ga haruffa kuma suna yi masa wasan ɓuya, me ya rage masa in ba hadda ba? Abin kuwa ba sabo ba ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 da Hausa ta fara koyarwa, tsarin ilmi na ƙasa na 1977 kuma ya ce a soma da harshen da yaro ke ji. Mu a makarantar mishan da na yi, tara ake ci in an ji ka da Hausa. Mun iya Turanci daga baya, gaskiya ne, amma na san abokai da suka gudu tun ba su haɗa baƙi da wasali ba.

Da aka tashi na tambayi malama don me ba ta yin haka kullum. Ta yi murmushi, ta ce, "Baban Ladi, ai ku ne. In yaro bai koma gida da waƙar Turanci ba, sai ku ce ba mu koya masa kome ba, ku cire shi ku kai makarantar kuɗi." Na rasa amsa, don ni ma da wannan niyya na zo.

Alhamis ruwa ya sauko, rufi na yoyo, aka taru a kusurwa ana tatsuniya. Jumma'a aka tashi da wuri saboda masallaci.

Na fasa cire Ladi. Na yanka tsohon kwali, na rubuta gaɓoɓi, muna yi da ita kaɗan kaɗan bayan cin tuwon dare. Jiya ta karanta "ɗaki", ta tsaya a kan "tsintsiya". Ina roƙon malaman aji ɗaya da ke karanta wannan shafi su rubuto su gaya mini yadda suke koya wa yara ts, don ni na gwada hanya uku, ba ta shiga ba.

Haza wasalam. Naku, Akawu.