Martani ga Masu Auna Saurin Allo da Milisakan Ɗaya

An wallafa ra'ayin cewa mai wasan kwamfuta ya nemi allon da aka rubuta wa milisakan 1 a kwali, domin wannan lamba ce ke nuna saurin amsa umarninsa. Wannan kuskure ne mai jawo asarar kuɗi.

Me lambar take aunawa? Lokacin da ɗigon haske guda ke ɗauka kafin ya sauya daga wani launin toka zuwa wani take aunawa, wanda ya shafi dishi-dishin hoto mai motsi. Jinkirin umarni kuwa tazara ce tsakanin danna maɓalli da bayyanar sakamakonsa, kuma kwalin bai cika faɗar ta ba. Sau da yawa ma ana kaiwa ga lambar ne ta ƙara wa ɗigon ƙarfin lantarki, abin da kan bar inuwa a gefen hoto.

Ina kuma aka bar yawan sabunta hoto? Allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana riƙe kowane hoto milisakan 16.7, mai sau 144 kuwa 6.9, saboda haka ribar milisakan ɗaya ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da wannan rata.

Talabijin ta fi fallasa raunin ra'ayin, domin gyaran hoto da take yi kan ƙara gomman milisakan, shi ya sa ake sa mata yanayin wasa, wanda ke kashe gyaran.