A San Ciwo Kafin A Sayi Magani

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitocin talakawa, kana dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Nijeriya. To, amma kuɗi ba sa warkar da kowa sai an san ciwon da ke damun jama'a.

Kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ta isa misali. 'Yan dako da masu kayan gwari da 'yan tebur ne ke wuni a cikinta, galibinsu ba su da albashin da za a yanki kuɗin inshora. Jihar tana cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba, ɓeraye kuwa ke yaɗa shi ta hanyar ɓata hatsi. A 2021 kuma annobar amai da gudawa ta yi ɓarna.

Saboda haka wajibi ne hukumar BASHCMA ta bi kasuwar rumfa-rumfa tare da shugabanninta, a ƙidaya cututtuka da masu fama da su, sannan a ƙulla yarjejeniya da asibitoci bisa abin da ƙidayar ta nuna. In ba haka ba, cinikin biri a sama za a yi da dukiyar talakawa.