Sakin Fatar Wuya Bayan Rama: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wata tambaya ta iso mana daga wata makarantar Islamiyya ta matan aure da ke Daurawa a ƙaramar hukumar Tarauni. Mai tambayar ta haura shekara 40. Likita ya shaida mata tana da ciwon suga da hawan jini, ya umarce ta da rage ƙiba. Ta bi umarni: ta rage tuwo da shinkafa, ta bar lemon kwalba, ta riƙa tattaki bayan Asuba, har ta sauke fiye da kilo 20. Suga ya lafa, gwiwoyi sun yi sauƙi, tsayuwar sallah da ta gagare ta a da ta dawo mata. Sai dai fatar wuyanta ta saki, ta zazzago ƙarƙashin haɓa. A gidan biki mata suna tambayarta ko jinya ta yi, maigidan ma ya taɓa yi mata ba'a a kai. Ga wayarta cike da tallan man ɗame fata da allurai da na'urori. Abin da take son sani shi ne: ya halatta ta gyara? In ya halatta, da me?

Mun ga dacewar amsawa a bainar jama'a, domin ba ita kaɗai ba ce, kuma ba mata kaɗai abin ya shafa ba. Ra'ayinmu a taƙaice: gyaran aibin da ciwo ko magani ya bari a jiki halal ne, gudun alamun shekaru da wuƙa ko allura ba shi da hujja, kuma haɗarin da ya fi kusa da mai wannan damuwa a Kano shi ne hannun wanda bai san aikin ba.

Kafin a kai ga maganar gyara, wajibi ne a san dalilin ramar. Wanda ya rame da gangan bisa shawarar likita daban yake da wanda ya wayi gari yana zubewa bai san sababi ba. Likitoci suna ɗaukar zubewar kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a tsakanin wata 6 zuwa 12, ba tare da niyya ba, a matsayin abin da ke bukatar bincike, domin ciwon suga da tarin fuka da ciwon daji da cuta mai karya garkuwar jiki da rikicewar halittar nan ta gaban wuya da ke jawo maƙoƙo duk suna iya sa haka. Mai irin wannan rama asibiti zai nufa. Haka nan wanda ya ji ƙullutu ko kumburi a wuyan. Daga Daurawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya ba wata tafiya ba ce.

Sannan a fahimci abin da ya faru da fatar. A cikinta akwai wasu zarurruka iri biyu, kolajin mai ba ta ƙarfi da ilastin mai ba ta damar miƙewa ta koma. Idan kitse ya cika ta shekara da shekaru, zarurrukan sukan gaji, kamar robar da ta daɗe ɗaure da ƙullin kaya: ko an kwance ba ta komawa yadda take. Yawan shekaru, da tsawon lokacin da aka ɗauka cikin ƙiba, da yawan abin da aka sauke, da shan taba, da zafin rana, duk suna ƙara tsananta abin. Ƙarƙashin fatar wuya kuma akwai wata siririyar tsoka mai faɗi wadda ita ma takan saki, ta fito kamar igiyoyi biyu daga haɓa zuwa ƙasa. Fata takan ɗan janye da kanta a hankali, musamman ga masu ƙuruciya. Shi ya sa likitocin wannan fanni ba sa taɓa mutum sai nauyinsa ya tsaya cak na aƙalla wata 6, kuma ga wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi sukan jira shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi. Don haka maganin farko shi ne jira, tare da cin abinci mai gina jiki irin su wake da ƙwai da kifi da nono.

Ta fuskar shari'a, asalin maganar sananne ne. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane da su. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya ƙara masa yarda, a Bukhari da Muslim ya zo da la'ana a kan masu tsaga jiki su cusa launi, da masu tsige gira, da masu yi wa haƙora wushirya don neman kyau. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya lura cewa ƙaidin neman kyau yana nuna wanda ya yi don magani ko don kawar da aibi babu laifi a kansa. A ɗaya ɓangaren kuma ga ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Zinare haramun ne ga namiji, amma aka sawwaƙe masa don a mayar da fuskarsa yadda take.

A kan waɗannan dalilai Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta gina ƙudurinta mai lamba 173 a zamanta na 18 a birnin Putrajaya na Malesiya, cikin Yulin 2007. Ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa kamanninta na asali, da gyara aibin da aka haifi mutum da shi ko wanda ƙuna da haɗari da ciwo suka jawo, da kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya. Ta halatta rage ƙiba ta hanyoyin likitanci idan ƙibar ta zama ciwo. Ta hana tiyatar son zuciya da kwaikwayon wasu da yaudara, ta kuma hana cire tamoji da wuƙa ko allura sai in ya zama rashin lafiya kuma an amince babu cutarwa.

A fahimtarmu, sakin fatar wuya yana iya faɗawa kowane ɓangare, gwargwadon halin mai shi. Matashiyar da ta rabu da ƙiba mai cutarwa, fata ta zubo mata irin wadda ba a saba gani ga sa'o'inta ba, tana tara gumi tana ƙuraje, ko ta sa ta daina shiga mutane, wannan aibi ne da magani ya bari, gyara shi mayar da halitta ne. Dattijuwar da ta doshi 60, wuyanta ya ɗan yi laushi kamar na tsararrakinta, wannan tamojin shekaru ne, kuma babu wuƙar da ke mayar da jiya. Tsakanin biyun akwai masu yawa, kuma su ne ke bukatar likita amintacce ya faɗi girman abin, sannan malami masani ya faɗi hukuncinsa. Wanda kuma ya yi don ya ɓoye shekarunsa ga mai neman aure, ko wadda zai aura, ya shiga babin ha'inci.

Idan an tabbatar aibi ne, sai maganar hanya. Man shafawa yana iya laushin fata, amma babu man da ke janye fatar da ta riga ta zubo. Na bilicin kuwa ɓarna yake ƙarawa, domin yawancinsa yana ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata su hana rauni warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Na'urorin da ke ɗumama ƙarƙashin fata don ta ƙera sabon kolajin suna da ɗan amfani ga sakin da bai yi yawa ba. Sakamakonsu yakan bayyana ne bayan wata 2 zuwa 6, ba ya dawwama, kuma a hannun wanda bai ƙware ba suna ƙona fata. Wasu nau'o'in leza sukan bar baƙin tabo ga masu duhun fata irinmu. Allurar Botox tana sassauta igiyoyin tsokar wuya na wata 3 zuwa 4, ba ta cire fata. Allurar narkar da kitsen haɓa da zuƙe kitse da bututu duk kitse suke ragewa, don haka wanda matsalarsa fata ce suna iya ƙara masa zubowa. Zaren da ake cusawa a ja fata shi ma na ɗan lokaci ne. Abin da ke cire fatar da ta yi yawa shi ne tiyata: a yanka ta bayan kunne da ƙarƙashin haɓa, a ɗaure tsoka, a yanke rarar.

Sai dai wuya ba wurin wasa ba ne. Nan hanyar numfashi take, nan manyan jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa suke, nan jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa take bi. Jini na iya taruwa bayan aiki ya danne maƙogwaro, kuma wannan abu ne na gaggawa. Ciwon suga da hawan jini da taba suna ƙara haɗari. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabon nan mai tsirowa ya yi tudu, wanda duk mai ƙullutu a hujin kunne ya san shi. Kada kuma a ɗauka kuɗi ko fita waje kariya ne. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 a Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, kuma a 2009 kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Idan haka ta faru a asibitin Turai, ina ga ɗakin bayan shago, inda mai gyaran jiki ke tsira allurar da ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba? Araha ba ta ado.

Ƙudurin da muka ambata ya gindaya sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi cutarwa, ƙwararren likita ya yi aikin, da izinin mai jikin, bayan an yi masa bayanin haɗari filla-filla, kuma babu wata hanya mafi sauƙi, tare da kiyaye al'aura da nisantar keɓewa. A aikace, wannan na nufin mai nema ya yi tambaya ba kunya. Shin likitan yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, kuma ya ƙware a tiyatar gyaran jiki? Shin wurin yana da rajista da PHIMA, hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu a jihar Kano? Wane ne zai ba da maganin barci? Idan jini ya ɓalle da tsakar dare, wa za a kira, kuma ina za a kai mutum? Mene ne sunan abin da za a tsira masa, kuma ina lambarsa ta NAFDAC? Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Masu ilimin wannan fanni suna nan a Asibitin Malam da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma irinsu ne ke gyara fuskokin yaran da cutar noma ta cinye a asibitin Sakkwato. Likitan kirki sau da yawa zai ce a jira, ko ya ce ba a bukata, domin ba neman ciniki ya fito ba.

Akwai kuma batun dukiya. Hanyoyin da ba na tiyata ba sai an yi ta maimaita su, kowane zuwa da kuɗinsa. Ba mu ga hikimar mai ciwon suga ta karkatar da kuɗin magani da gwaji, ko ta sayar da ɗan kunnenta, ko ta ci bashin adashe, don abin da zai gushe bayan wata huɗu ba.

Kalmarmu ta ƙarshe ga mazaje da dangi ce. Mu ne muka daɗe muna auna jin daɗin mace da ƙibarta, har 'yan mata suka riƙa haɗiyar ƙwayoyin sha-ka-fashe, kuma in mace ta rame sai a ce miji ba ya ciyarwa ko kishiya ta sa ta a gaba. Matar da ta yi yaƙi da ƙiba don ta rayu ta reni 'ya'yanta yabo ta cancanta. Suratul Hujurati ta hana izgili da aibata juna, kuma hanin bai tsaya a ƙofar gida ba. Sau da yawa kalma ɗaya ta maigida ita ke tura mace hannun masu allura, kalma ɗaya kuma ita ke hana ta zuwa.

Ga 'yar'uwarmu ta Daurawa, shawararmu ita ce: ki riƙe lafiyar da Allah Ya mayar miki, kada ki koma wa ƙiba don cike wuya. Ki bar nauyinki ya zauna, ki nisanci man bilicin da allurar shago. In bayan haka abin yana cutar da ke, ki je ga ƙwararren likita, mace in an samu, tare da maigida ko muharrami, ki ji gaskiyar amfanin da haɗarin, ki yi istihara. In kin gyara bisa waɗannan sharuɗɗa muna fatan babu laifi a kanki. In kuma kin bar shi, babu abin da ya ragu daga darajarki.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ƙara mana lafiya da wadatar zuci, Ya sa mu dace.