Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Inshorar Lafiya Ta Ƙasa



Dokar hukumar ta shekarar 2022 ta wajabta wa 'yan Najeriya inshorar lafiya, wato biyan kuɗi kaɗan-kaɗan tun ana lafiya domin a ɗauke wa mutum nauyin magani ranar da ciwo ya zo. Sai dai tsarin ma'aikata ya tsaya kan ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, alhali magidanci yakan riƙe mata biyu da mahaifiya mai hawan jini, wadda kowane wata sai an sayo mata magani a kemis. Ana roƙon hukumar ta bayyana wa jama'a, da Hausa a rediyo, kuɗin ƙara sauran iyali, ta kuma gaggauta sanya tsofaffi cikin asusun marasa galihu da dokar ta tanada.